Ranar da Na Shafe Taurari da Baƙar Marka

Har in bar duniya ba na jin zan manta da ranar Alhamis ɗin da na sa makullin ɗakin bugu cikin ambulan, na liƙe, na kai wa Direkta da hannuna. Ku da kuka shigo aiki bayana kun sha jin ana kira na Baba Nomau mai taurari, har wasunku na zaton wani ilimi gare ni. Ba ilimi ba ne. Bari in ba ku labarin daki-daki, kafin Jadi mai gadi ya riga ni ya ƙara masa gishiri.

Ni karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Da takardar nan aka ɗauke ni planto a kwalej ɗinmu na yankin Illela, wato mai shara, mai kaɗa ƙarfen shiga aji, mai kai takardu buro-buro, ofis zuwa ofis. Shekara goma sha ɗaya ina wannan. Da Baba Ɗan Ladi, mai kula da ɗakin bugu, zai tafi hutun ƙarshen aiki, sai ya ce wa hukumar lakwal, wato makarantar, ni yake so a ba wa makulli. Dalilinsa ɗaya ne: ya ce ya taɓa ganina na kulle ƙofar aji, na kai bakin titi, na komo na sake taɓa kwaɗon.

Ga wanda bai san aikin ba, ɗakin bugu nan ake buga tambayoyin jarrabawa. Malami zai rubuta tambayoyinsa, mataimakin Direkta ya duba ya sa hannu, a kawo mini cikin ambulan da sunan aji da yawan ƴan lakwal a bayansa. In buga, in ƙirga, in sake ƙirgawa, in liƙe, in sa a akwatin ƙarfe. Ba mai shiga ɗakin sai ni. Baba Ɗan Ladi ya bar mini dokoki uku. Ta farko, mai bugu ba ya karanta abin da yake bugawa, tsabtar takarda kawai yake dubawa. Don kada ido ya ci amana, sai a juya takardar kai ƙasa sannan a duba ta. Haka nake yi har ya zame mini jiki, ko takardar ɗaurin aure aka miƙo mini sai na ga hannuna ya juya ta. Ta biyu, tabon da ya fito wuri ɗaya sau biyu, ba a takarda yake ba, a cikin mashin ɗin bugu yake. Ta uku, farin ɗigo cikin baƙi alama ce tawada ba ta kama ba. Da dokokin nan uku na yi shekara goma sha huɗu ba a taɓa dawo mini da takarda ba, ba a kuma taɓa cewa tambaya ta fita daga ɗakina ba.

Shekara uku ke nan, tsoffin ɗaliban lakwal da ke aiki Yamai suka aiko mana da sabuwar mashin mai buga launi. Ba ta buƙatar kwamfuta. Akwai ɗan rami da ake soka kile, abin nan kamar ɗan yatsa da ake zuba hotuna a ciki, sai wani ɗan gilashi kamar na tsohuwar salula ya nuna lamba: ɗaya, biyu, uku. Ka zaɓi lamba, ka danna kore, takarda ta fito. Sakatariya ta so a ajiye ta a buronta, a ma mayar da duk aikin bugu can. Direkta Isufu ya ce a'a, za ta zauna wurin Nomau. Sannan ya juyo ya ce mini idan ta lalace a hannuna, ba shi da sauran abin da zai kare ni da shi, aikin bugu zai koma buro, ni kuma in koma wa tsintsiyata. Da murmushi ya faɗa. Ni dai maganar na ji. Na ɗinka wa mashin riga da tsohon zanen matata, kullum in zan tashi sai na lulluɓe ta.

A lokacin muna da malamar kimiyya, Madan Ramatu, mutuniyar Damagaram, shekararta ta biyu ke nan a wurinmu. Yarinya ce sa'ar ɗiyata ta fari, mai saurin tafiya, mai saurin magana, in tana bayani hannuwanta ba sa zama. Ita ta kawo shawarar a yi ranar kimiyya wata Asabar cikin watan Fabrairu, a gayyaci iyaye, a liƙa hotunan abubuwan da ke sama, da magariba kuma a duba taurari da madubin hangen nesa da za ta aro a Tawa. Ranar Litinin bayan an tashi ta kawo mini kile da takardu takwas masu kauri, masu sheƙi, da ta sayo Yamai da kanta. Ta ce hotuna biyar ne, ukun da suka rage na ko-ta-kwana ne, irin takardar ba a samun ta ko a Ƙonni. Za ta tafi Tawa taron malamai, sai Alhamis. Ta ce, "Baba, na biyar ɗin nan shi ne zuciyar bikin. Na bar maka amana."

Talata da safe na wanke hannu, na goge tebur, na rufe taga. Na ɗaya ya fito: wata ne, da ramukansa. Ko kai ƙasa na gane shi. Na biyu rana, na uku wata ƙwallo mai zobe a ƙugu, na huɗu duniyarmu, shuɗiya da fari. Duk ƙwallaye ne zagayayyu, masu baki tsaf kamar an yanke da reza. Akwai ƴan layukan rubutu a ƙasan kowanne, ban karanta ba. Na jera su a kan tebur ina jin daɗi.

Sai na danna biyar.

Abin da ya fito, ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Takarda baƙa ƙirin, a tsakiya wani abu ya watsu, ba zagaye ba, ba murabba'i ba. Cikinsa shuɗi-shuɗi, gefensa ja da ruwan goro da kore sun bi juna zare-zare kamar an zubar da ruwan rini a kan tabarma. Ba baki, ba iyaka. Ga fararen ɗigo ko'ina cikin baƙin, manya da ƙanana, har da wani a tsakiyar shuɗin. Na taɓa ganin irin wannan sau ɗaya, ranar da kwalbar tawadar tsohuwar mashin ta fashe a ciki. Na zauna a kan benci.

Da na samu natsuwa na danna wurin da mashin ke wanke kanta, na jira, na sa takarda ta shida. Tabon ya fito, wuri ɗaya, kamanni ɗaya, har fararen ɗigon ba wanda ya gusa. Doka ta biyu ke nan. Na buɗe cikinta, na goge duk abin da hannu ke kaiwa da auduga, na hura, na rufe. Na gwada hoton wata a kan takarda ta yau da kullum, ya fito lafiya. Na ce alhamdu lillahi, ta warke. Na sa ta bakwai, na danna biyar. Tabo. Nan na yanke wa kaina hukunci cewa wurin launi ne ya fashe, shi ya sa wata da ba shi da launi yake fita. Akwai kwamfuta a buron sakatariya, taku ashirin daga ƙofata. Da na kai kile can, da minti ɗaya ya ishe ni. Amma kai kile can daidai yake da in yi shelar abin da ya faru a gaban mai jiran mashin. Ban je ba.

Jadi kaɗai na nuna wa. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba. Na kira shi bakin taga na ɗaga masa takardar. Ya ƙura mata ido, ya karkata kai, ya ce, "Wanga ai tumbin rago na, Nomau. Madan mahauta taka koya ma karatu?" Na ce masa ba lokacin wasa ba ne. Ya ce to in yi mata tofi, ko in ba ta hura ta sha, wataƙila yunwa ce. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya daina. Ya ce in bar ta ta kwana, ƙarfe ma yana gajiya.

Na bar ta ta kwana. Laraba da safe na yi bisimilla na sa ta takwas, ta ƙarshe. Ba sai na gaya muku abin da ya fito ba.

Yanzu ga takardu huɗu masu tabo iri ɗaya, ba sauran ko ɗaya fara. Na ce a raina, tabon tsakiya ya fi ƙarfina, amma aƙalla kada in miƙa wa yarinyar mutane baƙin da tawada ba ta kama ba. Na ɗauki ɗaya, na samo baƙar marka mai siririn baki, na zauna ina cike fararen ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya kai ni har azahar. Na yi shi da kyau ƙwarai, in ba ka karkata takardar wajen haske ba, ba za ka ga wurin ba. Ɗigon tsakiya kuwa, da yake cikin shuɗi yake, da shuɗin alƙalamin bik na rufe shi. Da na gama na ɗaga na duba. Baƙin ya yi sumul. Tabon yana nan yana kallona.

Da la'asar na yi tunanin in ɗaura mashin a bayan moto, wato babur, in kai wa mai gyara a Ƙonni, ba wanda ya sani. Har na tambayi wani mai kabu-kabu ko zai iya. Amma kayan lakwal ba sa fita ƙofa sai da takarda mai sa hannun Direkta, kuma ni ne nake hana wasu. Na sallami mai moto. A gida aka kawo tuwo na kai loma biyu na tsame hannu. Matata Hajo ta tambaye ni ko wani ya rasu. Da na gaya mata, sai ta ce shekara goma sha ɗaya ina shara muna ci muna sha, tsintsiya ba ta taɓa kashe kowa ba. Gaskiya ta faɗa, amma ba tsintsiyar ke damuna ba. Abin da ke cin raina shi ne a ce makullin da Baba Ɗan Ladi ya damƙa mini, a hannuna ya ƙare.

Alhamis da safe na rubuta takarda da ɗan Faransancina. Na ce mashin ta lalace a hannuna ranar Talata da misalin ƙarfe tara, na ɓata takardun Madan huɗu, na kuma ɓoye har kwana biyu, wanda shi ne laifi mafi girma. Na sa makulli a ciki na liƙe. Na ɗauki takardun huɗu na shiga buron Direkta.

Direkta Isufu malamin Faransanci ne kafin a ba shi kujera, mutum mai son komai a jere. Ya karanta takardata, ya gyara mini wata kalma da jan bik saboda sabo, sannan ya sa tabarau ya duba hotunan. Yadda na miƙa masa su kai ƙasa, haka ya riƙe su. Ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai, ya ce lallai tawada ta zube, kuma ta zube da yawa. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya ji daɗi da na zo da kaina, amma na san abin da aka yi magana. Ya jawo aljihun tebur, ya sa makullin, ya tura. Ƙarar aljihun nan har yau ina jin ta. Ya ce in jira a waje, Madan na hanya, ita ce mai kaya.

Na zauna a bencin bakin buro kamar ɗan lakwal da aka kama da satar amsa. Jadi ya wuce sau biyu, karo na uku ya ajiye mini goro a kan gwiwa ya tafi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga Madan Ramatu, da wani dogon akwati a kafaɗa, ta sha hanya. Ta gaishe ni, ta tambaye ni hotuna. Na kasa ɗaga kai, na nuna mata ƙofar Direkta. Muka shiga tare. Direkta ya fara yi mata bayani a hankali, irin yadda ake gaya wa mutum rasuwa, cewa an samu matsala da na biyar, amma za a san abin yi. Ya tura mata takardun.

Ta ɗauki ta sama, ta juya ta daidai, ta matsa bakin taga. Sannan ta dafa ƙirji ta ce, "Kai, masha Allah. Baba, ban zaci mashin ɗin nan za ta fitar da zaren nan haka ba. Dubi koren. Ina matsalar?"

Na dubi Direkta, Direkta ya dube ni. Na ce, "Madan, tabon hwa."

"Wane tabo?"

Na nuna da yatsa, tun daga wannan gefe har wancan.

Ta dube ni, ta dubi hoton, ta ɗauki na biyu da na uku. Na ga leɓenta ya fara rawa. Da ta ɗauki na huɗu, wanda na yi wa aiki, sai ta kawo shi kusa da ido, ta karkata shi wajen haske. Ta tambaye ni ina taurarin. Na ce waɗanne taurari. Ta ce fararen ɗigon. Na gaya mata gaskiya, da marka, da bik, da azahar ɗin da ta same ni a kai.

Madan ta nemi kujera ta zauna, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ta yi ƙoƙarin magana ta kasa. Da ƙyar ta ce, "Baba, tauraron nan ya mutu shekara kusan dubu, ɗan abin da ya rage masa kai kuma ka zo ka ƙarasa shi da bik." Direkta ya cire tabarau yana gogewa, ya ce shi dama tun farko ya ga kamar akwai wani tsari a cikin abin. Jadi, da ashe yana laɓe bayan taga, shi ya fara sakin dariya, sai Direkta ma ya biye masa har da buga tebur.

Ni ban yi dariya ba tukuna. Na ce a gafarce ni, ina so in ji da kunnena: mashin lafiyarta lau? Madan ta share hawaye ta ce lafiya lau, sau huɗu tana gaya mini gaskiya ina ƙaryata ta. Ta nuna mini layin rubutun da ke ƙasa, ta ce ai ga sunan abin nan a rubuce. Na ce ba na karantawa. Ta ɗauka cewa ban iya ba, har ta fara ba ni haƙuri, sai Direkta ya yi mata bayanin dokar ɗakin bugu da juya takarda. Ta daina dariya, ta yi mini wani irin kallo, ta ce shekara biyu tana mamakin yadda tambayoyinta ba sa fita a lakwal ɗin nan.

Sannan ta jawo ni bakin taga ta yi mini karatu, ni kaɗai, Direkta da Jadi na saurare. Ta ce akwai taurari da suka ninka ranarmu girma sau da yawa. Tauraro wuta ce mai cin abin da ke cikinta. In babban tauraro ya cinye makamashinsa, sai ya rufta cikin kansa, sannan ya tarwatse da ƙarfin da ba shi misaltuwa, ya watsa jikinsa ko'ina. Abin da na kira tabo shi ne jikin nan, gajimare ne na iska mai zafi, yana haske, kuma har yanzu yana ci gaba da buɗewa. Ta ce in tuna mata suna shiƙar hatsi da la'asar, yadda ƙaiƙayi ke tsayawa cikin iska rana ta haska shi bayan an riga an sauke ƙwarya. Launukan kuma kowanne yana nuna irin iskar da ke wurin. Ɗigon da na rufe da bik shi ne ƙwayar tauraron da ta saura, ƴar ƙarama ce, faɗinta bai wuce na babban gari ba, tana juyawa kamar sau talatin kafin ka ce ɗaya, kuma ita ke hura wa shuɗin nan haske. Ta ce lokacin da hasken fashewar ya iso duniya, mutanen wasu ƙasashe sun rubuta cewa sun ga sabon tauraro har da rana tsaka, sama da sati uku. Masana suna kiran gajimaren Ƙaguwa. Jadi ya leƙo ya ce duk wanda ya sa sunan bai taɓa fiɗar rago ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce ƙarfen hauyar noma, da ƙarfen da ke cikin jinin mutum, da iskar da muke shaƙa, a cikin irin waɗannan taurari aka dafa su, fashewarsu ce ta watsa su. Na dubi tafin hannuna, duk baƙin marka. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya yi wannan.

Direkta ya jawo aljihun tebur. Ya ɗauko makullin, ya riƙe shi ɗan lokaci, ya ce ɓoyewar kwana biyu laifi ce, kuma hukuncinta shi ne ranar Asabar in tsaya kusa da hoton in gaya wa iyaye abin da na yi da bakina. Ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu. Takardar da na rubuta kuwa ya ce zai ajiye, don bai taɓa samun wadda ta kai ta gaskiya ba, ko da yake kuskurenta bakwai.

Ranar Asabar lakwal ta cika. Iyaye sun zo daga ƙauyuka, wasu a kan amalanke, wasu a moto. Madan ta nemi izinina ta liƙa wanda na shafe wa taurari kusa da na ainihi, ta ce kowa ya nemo abin da ya ɓace. Ni kuma na sa babbar rigata ta Juma'a na tsaya. Da farko muryata rawa take yi. Amma da na ba rukunin farko labari suka kwashe da dariya, wani tsoho daga wajen Bazaga ya ce shi ma da shi ne da wuƙa zai kankare, sai na ji ƙirjina ya saki. Daga nan na shiga yi musu bayanin gajimaren yadda aka yi mini, da shiƙa da ƙaiƙayi da duka. Madan tana gefe tana ji, wuri ɗaya kawai ta gyara mini. Hajo ta zo da maƙwabtanmu, ta tsaya a baya, duk wanda ya matso sai ta ce masa mijinta ne. Sauran hotuna biyu masu kyau, ɗaya aka liƙa a ajin kimiyya, ɗaya Madan ta ba ni.

Bayan sallar magariba aka kafa madubin a filin ƙwallo, dogon bututu ne a kan ƙafa uku. Jadi ya kashe fitilar tsakar lakwal. Ranar babu farin wata, sama ta washe. Madan ta nuna mana Kaza da Ƴaƴanta, ta ja yatsa gabas da su, ta ce can yake. Ta daɗe tana saitawa. Ta gargaɗe mu cewa kada mu sa ran launi, hoton da manyan na'urori aka ɗauke shi, ido ba ya ganin haka. Aka yi layi. Ta ce ni zan fara.

Na sunkuya na sa ido. Fararen ɗigo ne birjik cikin baƙi, kowanne tsaf. A tsakaninsu akwai wani ɗan dishi-dishi, toka-toka, kamar wurin da aka dafa gilashi da babban yatsa. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ya fito da ƙyalle ba. Madan ta riƙe mini hannun riga, ta ce a hankali, "Baba, shi ne." Na mayar da ƙyallen. Na tsaya ina kallon ɗan dishin nan, hasken da ta ce ya yi shekara dubu shida da wani abu yana tafe kafin ya shigo idona, har mutanen baya suka fara cewa Nomau ya kwana a ciki.

Abin da na koya, ku da za ku riƙe makullin nan bayana, ba wai dokokin Baba Ɗan Ladi sun tashi ba ne. Har gobe takardar jarrabawa kai ƙasa nake duba ta, ku ma haka za ku yi. Amma ba kowace takarda ce jarrabawa ba, kuma kwana biyun da na yi ba ci ba sha, tsoron tambaya ne ya jawo mini su, ba mashin ba. Na yi shekara ashirin da biyar cikin malamai ina gudun in tambaye su abu don kada a ga ƙarancin karatuna. Ashe su mutane ne da ba abin da suke jira kamar a tambaye su. Yanzu duk wanda ya kawo mini hoto sai na ce masa, wanga mine ne? Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. Matsalar ma ita ce yadda za ka tsayar da su.

Ranar Litinin da ta biyo baya na fara gwada sabon halin. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun Alhamis, na tare Madan a bakin ajinta na tambaye ta ko tamu ranar ma za ta fashe haka. Ta ce a'a, tamu ba ta kai girman masu fashewa ba, kuma tana da sauran makamashi na shekarun da ba zan iya ƙirgawa ba. Na yi godiya, na tafi har bakin ɗakin bugu, sannan na komo na ce ta ƙara faɗa mini sau ɗaya.